Ɗumin Sata

A duk Tala Umalu, ƙauyenmu na kan dutse, babu gidan da iska ta raina kamar gidan Dda Miziyan. Dda kuwa a wajenmu laƙabin girma ne na maza, Nna na mata. Tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta shiga ta gefen taga inda katako ya janye jikinsa daga dutse, ta leƙo ta tsakanin fale-falen jan yumɓun rufi, ta zaga ɗakin ta duba tukwane, sannan ta fita ta inda ta ga dama. In za ka kunna ashana a tsakiyar ɗakin sai ka juya baya ka kare ta da alkyabba. Amma ka tambayi mai gidan, dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu, zai ce maka shi bai san wani abu wai shi sanyi ba. Sanyi, a faɗarsa, ciwon mutanen birni ne, waɗanda kujera mai laushi ta lalata.

Ƙarya yake yi, kuma ga inda ƙaryar ta samo asali.

Shekara goma sha tara da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinsu, shi da ƙaninsa Bala'id suka raba gidan biyu. Aka ja bango a tsakiya, siriri, na bulo ɗaya. Rigima ta tashi ne a kan rumbun yumɓun da mahaifiyarsu ta gina da hannunta, wanda ya faɗo daidai kan layin rabo. Miziyan ya tafi kasuwa ran Talata, ya dawo ya tarar bango ya yi wata 'yar lanƙwasa, rumbu ya koma ɓangaren Bala'id. Washegari a zauren taron gari, a gaban dattawa, ya ɗaga hannu ya rantse ba zai ƙara yi wa ƙaninsa magana ba, ba kuma zai ƙara zama a gaban wutarsa ba har ƙasa ta rufe idonsa. A garinmu in namiji ya rantse a zauren taro, magana ta ƙare. Ko shi ya manta, akwai masu aikin tuna masa kyauta.

Shekara biyu bayan haka Bala'id ya sayo murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, ya jingina shi da bangon tsakiya. Wata rana ana tsananin ɗari Miziyan ya dafa bangon zai cire takalmi, sai ya ji ɗumi a tafin hannunsa kamar ya taɓa gurasa sabuwar sauka. Ya tsaya, ya waiga ko wani na kallo. Kafin magariba gadonsa ya bar gindin taga ya koma jikin bangon nan. Ya yi shawara da zuciyarsa, zuciyar kuwa ba ta ba shi wahala ba: shi dai ya rantse ba zai zauna a gaban wutar ba, kuma ga shi a bayanta yake, bayan ma ya juya mata. Tun daga lokacin, duk sanyi Bala'id ke sare itace, ya faskara, ya ɗauko a kafaɗa, wansa kuma yana kwance a ɗaya gefen yana shan ɗumi yana zaginsa a zuci.

Don kada kowa ya gane, sai ya maida kuka da bangon nan sana'a. Duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji labari: rediyon Bala'id ba ta barinsa barci, tarin Bala'id kamar injin niƙa, albasar Nna Juhar matar Bala'id har ta cikin bulo take ratsowa. Ya yi wa liman wannan kukan, ya yi wa mai kawo wasiƙa, ya yi wa mai sayen busasshen ɓaure. Wadda ta fi kowa shan sa ita ce 'yarsa Dahabiya, ma'aikaciyar jinya a birnin Tizi Wuzu, ita kaɗai ta rage masa tun da mahaifiyarta ta rasu.

Bara wani tari ya kama shi ya kwantar da shi sati uku. Saboda haka bana, ana fara karkaɗe zaitun, Dahabiya ta hau dutse da mijinta Rabah da mota cike da kaya. Ba ta tsaya kwana-kwana ba. Ta ce za a toshe gidan nan daga sama har ƙasa. Ranar Juma'ar farko bayan dusar ƙanƙara ta zuba za ta dawo da ma'aunin zafi ta rataye a tsakiyar ɗaki. In ya kai digiri goma sha shida, ya zauna abinsa. In bai kai ba, da wutar lantarki ko ba wuta, da hujja ko ba hujja, zai shiga mota ya bi ta birni har sanyi ya wuce.

"Har sanyi ya wuce" ɗin nan ne ya ɗaga masa hankali. Ya san maganar. Haka aka faɗa wa Dda Lunis mai injin man zaitun, haka aka faɗa wa wasu biyu, dukansu kuwa a kwance aka dawo da su, a lulluɓe. Ya taɓa kwana a gidan Dahabiya, hawa na huɗu, inda taga ke kallon wata taga, ba jaki, ba itacen ɓaure, ba wanda zai ce masa Dda in ya wuce. Tsoron gidan nan yake ji fiye da tsoron mutuwa, don a ganinsa duk ɗaya ne, sai dai ɗaya ta fi ɗaukar lokaci. Amma da ya tuna bangonsa sai ransa ya ɗan kwanta. In iska ta daina shiga, ga kuma ɗumin Bala'id, ai goma sha shida wasa ne. Ya miƙa hannu ya ce ya yarda.

Rabah mutumin kirki ne, irin kirkin nan da ke gajiyar da mutum. Yana aiki a shagon kayan gini, kuma duk abin da ke shagon ya yi imani da shi. Ya sauke allunan farin soso mai tauri, irin wanda ake kwantar da sabon firij a ciki, da gwangwanayen gam, da robobi, da leda. Kwana uku yana aiki yana fito. Ya liƙa roba a ƙasan ƙofa har sai an sa kafaɗa take buɗewa. Ya cike gefen taga da wani kumfa da ke fita daga gwangwani yana kumbura, ya rufe gilashin da leda. Ya hau tsani ya shimfiɗa soso a ƙarƙashin rufi, inda hayaƙin kakanni ya maida katako baƙi ƙirin. Ramin murhun da ke tsakiyar ɗaki kuwa, ya ce zamaninsa ya wuce, ya kawo wata hita mai jan ido ya jona.

Miziyan yana zaune a kan kujera, alkyabba har kunne, yana sa ido yana kushe. Ya ce a da mata ke wannan aikin da yumɓu da kashin shanu da ƙaiƙayi, a wuni ɗaya, ba tsani ba fito. Ya ce lokacin da shanu biyu da awaki ke kwana a ƙasan ɗakin nan, numfashinsu kaɗai ya ishi gida. Ya ce shi bai taɓa jin an sa wa gida katifa ba sai yau. Rabah sai murmushi, yana ce masa gaskiya ne Dda, yana ci gaba da shafa gam. Can ƙasan ransa dai tsohon yana jin daɗi, don ya ga ashana ta fara ci ba sai an kare ta ba.

Rana ta uku da hantsi Rabah ya ja gadon gefe, ya miƙa igiyar awo a jikin bangon tsakiya. Miziyan ya zabura daga kan kujera.

Ya ce, "Wannan bar shi, ɗana. Bangon ciki ne, iska ba ta biyowa ta nan."

"Ai ba don iska ba ne, Dda Miziyan," in ji Rabah. "Dahabiya ce ta ce in ninka masa biyu. Ta ce shekara da shekaru kana kuka da rediyon Dda Bala'id da tarinsa. Daga yau ko ganga yake kaɗawa ba za ka ji ba."

Tsoho ya fara lalubo hanya. Ya ce bangon ba shi da ƙwari, ba zai ɗauki nauyi ba. Rabah ya ɗaga allo guda da ɗan yatsa ya nuna masa. Ya ce ɗakin zai matse. Dahabiya, da ke tankaɗe gari a bakin ƙofa, ta ce mutum ɗaya da gado ɗaya wane fili suke nema. Ya ce to soson ya yi tsada, a maida saura shago. Rabah ya ce an riga an yanka. Nan Dahabiya ta ajiye rariya, ta dube shi irin duban da take yi wa majinyacin da ya ɓoye magani a ƙarƙashin matashi.

"Baba, ko dai jin motsinsa kake so?"

A bakin ƙofar akwai maƙwabta biyu da suka zo kallon aiki, kunnuwansu a buɗe.

"Ni?" in ji Miziyan. "Rabah, ninka uku."

Rabah kuwa ya ninka uku, ya bi gefe-gefe da gam don kada ko numfashi ya wuce. Miziyan yana kallo ana binne masa ɗumin shekara goma sha bakwai, yana gyaɗa kai yana cewa madalla. Da mota ta tashi har ɗaga musu hannu ya yi.

Sati biyu aka yi lafiya, hita tana jan ido, tsoho yana gasa ƙafa ɗaya yana juyo ɗaya. Ran Litinin sama ta yi fari, dutsen Jurjura ya ɓace, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Kafin la'asar ta karya reshe, reshe ya faɗa kan waya, wuta ta tafi, kamar yadda take yi kowace shekara ba ta dawowa sai ta ga dama. Hita ta rufe ido.

Miziyan bai damu ba tukuna. Ya janye tabarmar da aka rufe ramin murhu da ita, ya haɗa itace ya kunna irin na dā. Sai dai hayaƙin da tun zamanin kakanni yake sulalewa ta tsakanin fale-falen rufi, yau ya hau sama ya tarar da soso, ya dawo ya tambayi mai gida hanya. Cikin minti goma tsoho ya fito tsakar gida a guje, hawaye shaɓe-shaɓe, yana tari kamar zai amayar da huhu. Nna Juhar tana tsaye a ƙofarsu da bokiti. Ta daɗe tana kallonsa ba ta shiga ba. Dole ya bar ƙofa a buɗe hayaƙi ya fita, sanyi ya shiga ya zauna. Da ya rufe ƙofar sai ya gane wani abu game da soson Rabah wanda Rabah bai faɗa masa ba: abin da ya tarar a ciki shi yake riƙewa. In ɗumi ne ɗumi, in sanyi ne sanyi. Ɗakin ya koma randa.

Ran Talata ya tuna maganar shanu, ya jawo jakinsa daga rumfa ya shigo da shi ɗaki. Jakin ya tsufa kamar mai shi, ɗumin jikinsa bai fi ya ishe shi shi kaɗai ba. Abin da ya bayar a yalwace wani abu ne daban, wanda sai da aka sa shebur. Da yunwa ta taɓa shi ya miƙa wuya ya gatsi gefen soson bangon tsakiya, ya tauna, ya tofar. Miziyan ya ɗaga sanda zai make shi, sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi wurin gatsar, ya dubi jakin, sai ya ajiye sanda ya shafa masa kai. Rabonsa da ya shafa kan dabbar nan da ƙauna tun tana ƙarama.

Ran Laraba da safe ya sakaya ƙofa, ya ɗauko wuƙar da yake gyaran reshen zaitun da ita. Ya kwanta a kan gado ya auna inda bayansa ke kaiwa, daga wuya zuwa ƙugu, ya shata da gawayi, ya fara yanka. Wanda bai taɓa yanka farin soson nan ba bai san fitina ba. Yana kuka kamar ɓera, yana wargajewa ƙwaya-ƙwaya, ƙwayoyin kuma ba sa faɗuwa ƙasa kamar na Allah. Suka manne masa a gemu, a gira, a alkyabba, suka faɗa cikin man zaitun, suka hau gurasa. In ya kakkaɓe na hannun dama sai su koma na hagu. Ninki uku ne, kuma shi ya nema da bakinsa, saboda haka ba wanda zai zaga. Sai azahar ya kai ga bulo. Ya share gam, ya ja dogon numfashi, ya ɗora tafin hannunsa.

Bangon sanyi ƙalau, kamar dutsen bakin rafi.

Ya matsa hannu sama, ya matsa ƙasa, ya sa kumatu. Babu. Ya kara kunne. Rediyo na nan tana magana, tarin ma na nan, amma ƙarar itace a cikin ƙarfe daga can nesa take zuwa, daga ɗaya bangon. Bala'id ya ɗauke murhunsa ya maida shi wani gefe.

Miziyan ya zauna a bakin gado, gemu fari fat da ƙwayoyin soso. Da farko haushi ya ji: wane irin mugun mutum ne zai matsar da murhunsa a cikin ɗakinsa ba tare da tunanin jama'a ba? Daga baya wani tunani ya zo wanda ya fi sanyin ɗakin ciwo. Murhun nan shekara goma sha bakwai bai motsa ba, sai satin da aka liƙa soso. Ashe Bala'id ya sani. Ya san inda gadon yake, ya san wa yake ɗumamawa, kuma duk shekarun nan bai taɓa kai maganar zauren taro ba, alhali da ita kaɗai zai iya sa gari ya yi wa wansa dariya har kabari. Kunya ta rufe Miziyan, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi.

Jibi Juma'a, kuma an ce motar share ƙanƙara daga hanya ta riga ta iso gangaren ƙasa. Roƙo ba zai yiwu ba, rantsuwa na nan. Amma ba wanda ya hana shi magana da jakinsa.

Ran Alhamis da rana ta ɗan leƙo ya fito da jakin tsakar gida, daidai lokacin da Bala'id ke watsa wa kajinsa tsaba. Tsakar gidan ɗaya ce, ba a raba ta ba don ba a samu wanda zai yarda da layi ba. Miziyan ya juya wa ƙaninsa baya, ya hau goge wa jaki wuya, ya ɗaga murya.

"To kai, gobe sai mu yi sallama. Za a kai ni hawa na huɗu. Kai kuma mahauta ko masu dakon yashi, Allah ya zaɓa maka. Gidan nan za a kulle shi. Shekara biyu rufi zai zube, iskar arewa ta sami hanya. Ban san bangon wa za ta tarar a gabanta ba, na bulo ɗaya."

Bala'id, gajere mai faɗin kafaɗa, ɗan shekara saba'in, bai ɗago kai ba. Iska ta riga ta kwaso ƙwayoyin soso daga ƙofar wansa ta baza a tsakar gida, kaji na bin su suna tsattsaga.

Ya ce wa kajin, "Kai, ku bari, ba tsaba ba ce. Wani ne ke rushe abin da ya gina. Ninki uku aka ce ya sa, don kada ya ji tarin ɗan uwarsa. Gari duk ya ji. To ai yanzu ya huta, soso ya zame masa ɗan'uwa. Sai ya ce soson ya sare masa itace."

Miziyan ya ce wa jaki akwai mutanen da bangon gidan ubansu ma sai sun lanƙwasa shi. Bala'id ya ce wa kaji akwai mutanen da za su sha ɗumin mutum shekara goma sha bakwai, ko busasshen ɓaure ɗaya ba su taɓa mantawa a kan katanga ba. Ya kakkaɓe hannu ya shige ɗaki, ya rufo ƙofa da ƙarfi. Jaki da kaji suka ci gaba da harkarsu.

Shi ke nan, Miziyan ya san ta ƙare. Da la'asar ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Ya sa riguna biyu, da carbi, da hoton matarsa, da kwalbar man zaitun ɗin bana. Ya ɗauki wuƙar gyaran reshe ya juya ta a hannu, ya rasa me zai yanka da ita a hawa na huɗu, ya ajiye. Ya rataya bargo ya rufe ramin da ya yi a soso, don ko ba komai kada Rabah ya ji ciwo.

Ran Juma'a da sassafe, yana shan gahawa mai sanyi da alkyabba biyu a jikinsa, sai ya ji ana jan ƙarfe a kan daɓe. Ƙiii, a tsaya. Ƙiii, a tsaya. Ya ɗaga bargo ya kara kunne. Muryar Nna Juhar ce, tana cewa bayanka dai, bayanka, in ya riƙe ba ni zan kai ka asibiti ba, tsofaffi biyu kamar 'yan yaye. Sai ƙarar bututu ana buga shi ya shiga mazauninsa. Sai ƙarar gatari. Miziyan ya saki bargo, ya koma ya zauna.

Kafin hantsi bulo ya yi ɗumi. Kafin a kira sallah ya yi zafin da ba a iya barin hannu a kai. Nan fa soson Rabah ya nuna amfaninsa, don duk abin da ya shigo ta ramin nan ba ya samun hanyar fita. Miziyan ya cire alkyabba ɗaya, ya cire ta biyu. Ya tura akwati ƙarƙashin gado da ƙafa, ya share ɗaki, ya tsince gemunsa gwargwadon iko.

Bayan an sauko daga masallaci mota ta iso. Dahabiya ta shigo da shirinta, fuska a ɗaure, don ta ji labarin wuta tun Litinin, har ta gyara masa gado a can. Ta sa kafaɗa ta tura ƙofa, ɗumi ya bugi fuskarta, ta tsaya. Ta dubi hita a mace, ta dubi ramin murhu ba toka mai zafi, ta dubi mahaifinta zaune da 'yar shara yana fifita da murfin tukunya. Ta rataye ma'auni a ƙusa. Aka zuba masa ido. Ya wuce goma sha shida bai ko waiga ba, ya je ashirin da biyu ya tsaya.

Rabah ya kusa kuka don murna. Ya ce ya san soson nan na da kyau, amma bai san har haka ba, sai ya gaya wa mai shago. Miziyan ya ce ai shi tun farko ya ga alamar kayan kirki ne.

Dahabiya tana zaga ɗakin a hankali. Ta tsinci farar ƙwaya a girar mahaifinta, ta duba. Ta je gaban bargon da ke rataye, ta ɗaga. Ga rami nan, kusurwa huɗu, a miƙe kamar an sa magwaji, da sauran shatin gawayi a gefe.

"Jaki ne," in ji Miziyan. "Ya shigo ya ci."

"Jakin ya iya awo," in ji ta.

Ta kai hannu jikin bulo ta janye da sauri. Ta daɗe tana kallon bangon. Sannan ta fita, ta ratsa tsakar gida, ta nufi ƙofar da rabonta da shiga tun tana budurwa. A buɗe ta same ta, taga ma a buɗe, ga ƙanƙara har gwiwa a waje. A ciki baffanta na tsugune da singileti, gumi na bin wuyansa, yana cusa itace a murhun da cikinsa ya yi ja. Nna Juhar ta koma can ƙurya da jiƙaƙƙen tsumma a ka. Itacen da suka tanada na sati biyu ya kusa ƙarewa.

Ta gaishe su, suka amsa kamar jiya ta fita. Ta ce, "Dda Bala'id, yau na gani. Gobe fa? Tsoho ne, ƙirjinsa ba lafiya. Ba zan bar shi a kan wutar yini ɗaya ba."

Bala'id ya goge fuska da gefen singileti. Ya ce shi ba don kowa ya matsar da murhu ba, can ɗin ne hayaƙi ke dawowa. Ya ce murhu ya zauna ke nan, bayansa ba zai ƙara ɗaukar jan ƙarfe ba, kuma shi mutum ne mai jin sanyi, ba ya barin wuta ta mutu har ɓaure ya yi toho. Ya ɗauki wani guntun itace yana juyawa, bai dube ta ba.

"Ki bar min shi, 'yata. Duk sa'o'inmu sun tafi. In kika ɗauke shi, da wa zan yi gaba?"

Dahabiya ta dubi ɗan sauran itacen da ke gefen murhu. Sannan ta ce Rabah zai kawo motar itace ran Talata, a sauke a tsakar gida, wanda ya ga dama ya ɗiba.

Da ta koma, ta tarar Rabah na auna ramin yana cewa yana da sauran soso a mota, yanzu zai toshe shi. Ta ce ya bar shi haka, jakin zai sake ci. Ta durƙusa ta jawo akwatin da gefensa ya leƙo daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta maida rigunan kan igiya, ta maida hoton mahaifiyarta inda yake. Miziyan yana kallonta, ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ya matsa ya jingina bayansa da bulo, ya yi gyaran murya, ya juya baki wajen bangon.

"Wannan ɗaki ya cika zafi," in ji shi da ƙarfi. "Wasu mutane ba su san darajar itace ba. Mutum ko numfashi ba ya iya yi."

Kowa ya kasa kunne wajen ɗaya gefen. Sai suka ji an buɗe ƙofar murhu, an jefa wani ƙaton gungume, an rufe.